Wasabi: Yajin Japan Mai Hawa Hanci da Danginsa da Ke Lambunanmu

Bahaushe ba baƙon yaji ba ne. Daga kokon safe mai citta da kanumfari zuwa tsiren dare da ake barbaɗe shi da yajin ƙuli, da wuya rana ta fito ta faɗi wani abu mai zafi bai ratsa harshensa ba. Yaro a Dutsi ko Shargalle ko Daura, tun bai iya wanke hannu da kyau ba, ya san attaruhu a miya, ya san barkono a ɗanwake. Shi ya sa idan karatu ko fatauci ko aikin ofis ya kai ɗanmu wani gidan abinci a Abuja ko Dubai ko Kuala Lumpur, aka ajiye masa ɗan koren abu kamar kwaɓaɓɓen lalle a gefen faranti, aka ce ya bi a hankali yana da yaji, ba ya ɗaukar gargaɗin da nauyi. Sai ya lakato da yawa ya kai baki. Na ɗan lokaci ba ya jin komai. Can sai wani irin zafi ya taso daga maƙogwaro, ya bi ta hanci ya hau goshi, idanu su kawo ruwa, numfashi ya tsaya cak. Kafin hannunsa ya kai ga kofin ruwa abin ya wuce, bakinsa garau.

Wannan koren abu shi ne wasabi. A yau ko wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba yana iya cin karo da shi a waya, domin bidiyon masu ɗanɗana shi karon farko sun cika TikTok da Facebook. Mutane suna kallo suna tambaya: yaya wanda ya saba da attaruhu zai zubar da hawaye a kan ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba? Me ya sa zafinsa ke zuwa hanci, na barkono kuma yake zama a harshe? Halal ne? Yana da illa? Wanda ya bi waɗannan tambayoyi zuwa ƙarshe zai tarar sun dawo da shi gida, domin irin wannan zafin yana nan a lambunanmu da dangoginmu, mun daɗe muna cin sa.

Tsiron ruwan sanyi

Wasabi tsiro ne na tsaunukan Japan, dangin kabeji. Abin da ake ci shi ne kaurin jikinsa na ƙasa, wanda ganyayyaki ke fitowa daga kansa. Tsiro ne mai tsirfa. Ba ya son rana kai tsaye, ba ya son ruwan da ke kwance wuri ɗaya, ba ya jure zafi. Abin da yake so shi ne inuwa, da tsakuwa, da ruwan marmaro mai tsabta da ke gudana dare da rana, wanda sanyinsa bai yi nisa da digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Selshiyas ba. Ko ya sami duk wannan, sai ya yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci har uku, kafin ya isa cira. Wannan ne ya sa yake cikin kayan lambu mafi tsada a duniya. A kasuwannin Turai da Amurka kilo ɗaya na ɗanyensa yakan haura dala 100.

Japanawa sun daɗe da saninsa. Sunansa ya zo a wani littafin magunguna mai suna Honzo Wamyo da aka rubuta wajen shekarar 918, lokacin ana tsinko shi ne daga daji. Nomansa ya fara ne wajen shekarar 1600 a ƙauyen Utogi da ke lardin Shizuwoka, inda mutanen ƙauyen suka ciro shi daga tsauni suka dasa a bakin marmaro. Ana ba da labari cewa Tokugawa Iyeyasu, wanda ya kafa gidan mulkin da ya riƙe Japan fiye da shekara 250, da aka kai masa shi ya ɗanɗana, sai ya hana a fitar da irin daga yankin. Ɗaukakar wasabi ta zo ne a farkon ƙarni na 19, lokacin da masu sayar da abinci a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, suka fara dunƙula shinkafa mai ɗan tsami suna ɗora mata yankan kifi. Wannan shi ne sushi irin na yau, kuma ana danganta shi da wani mai abinci, Hanaya Yohei, a shekarun 1820. A lokacin babu firij, saboda haka ɗan wasabin da ake shafawa tsakanin kifin da shinkafar yana kashe ƙarni, yana kuma rage saurin lalacewa.

Yau manyan wuraren nomansa su ne lardunan Shizuwoka da Nagano da Iwate. A garin Azumino na Nagano akwai gonar Daio da aka fara a 1915, inda ruwan ƙanƙarar da ta narke daga tsaunuka yake ɓulɓulowa daga ƙasa yana ratsa kunyoyin tsakuwa. An kuma gwada shi an dace a wasu wurare masu sanyi a Taiwan da Ingila da Niyu Zilan da arewa maso yammacin Amurka.

Yadda ake shirya shi abin kallo ne. Mai abinci yakan ɗauko guntun, ya fige ganyen, ya kankare ƙurajen jikinsa da wuƙa, sannan ya kawo wani ɗan allo da aka lulluɓe da fatar kifin shak mai kaushi. A kanta yake goga shi a hankali, yana zagayawa da hannu, har ya zama laushi lumus. Sai ya tattara shi wuri ɗaya ya bar shi minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙa. Ba ya goga na mutum goma a ajiye, domin bayan kamar minti 15 zuwa 20 ƙamshin da zafin duk sun gudu. Wanda ya ci na gaske zai ce maka bayan zafin akwai ɗan zaƙi, da ƙamshin ɗanyen ganye, da wani sanyi-sanyi da ke wanke baki.

Abin da ke faruwa tsakanin baki da hanci

Masana sun ce harshe yana rarrabe ɗanɗano biyar: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, da kuma garɗin nan na nama da daddawa. Yaji ba ya cikinsu. Shi yaji saƙon ciwo ne. Akwai wata babbar jijiya mai rassa uku da ta mamaye fuska, tana kai wa ƙwaƙwalwa rahoton duk abin da ya taɓa ido ko hanci ko baki. A bakin rassanta akwai wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa idan haɗari ya zo, kuma kayan yaji suna buɗe su ko da babu wata ƙuna ta zahiri.

Barkono da attaruhu da tattasai mai yaji suna ɗauke da sinadarin kafsaisin. A 1997 wani masani ɗan Amurka, David Julius, da abokan aikinsa suka gano ƙofar da wannan sinadari yake buɗewa, aka sa mata suna TRPV1. Ita ce dai ƙofar da ke buɗewa idan abin da ya haura digiri 43 ya taɓa mutum. Ke nan a wajen ƙwaƙwalwa, attaruhu da shayin da ya ƙona harshe saƙo ɗaya suke aikawa, shi ya sa mai cin yaji yake gumi yana hura baki. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka bai wa Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Kafsaisin yana da nauyi, ba ya tashi sama da sauƙi, kuma ruwa ba ya narkar da shi, sai mai. Yakan manne a harshe da leɓe ya yi minti goma ko fiye yana ci. Mai kurɓar ruwa yana ƙara baza shi ne a baki. Nono da kindirmo su ne maganinsa, domin maiƙonsu da wani sinadarin gina jiki da ke cikinsu suna kama shi su wanke. Uwar da ta miƙa wa yaro nono da yaji ya kama shi ta yi daidai da abin da ɗakin bincike ya tabbatar.

Na wasabi daban ne. Idan ka ɗauki guntunsa ka lasa ba tare da an goga ba, ba za ka ji wani zafin kirki ba. Tsiron yana ajiye abubuwa biyu a ɗakuna daban-daban a cikin ƙwayoyin jikinsa: wani sinadari mai suna sinigirin, da wani mai farfasa shi da ake kira mairosines. Sai an ƙuje tsiron, ko ƙwaro ya cije shi, sannan su haɗu su haifar da abu na uku, alil aisotayosayanet. Wannan shi ne makamin da Allah ya hore wa tsiron don korar ƙwari. Ba shi da nauyi, nan da nan yake zama tururi. Da ya shiga baki ɗumin baki ya taɓa shi, sai ya bi ta bayan maƙogwaro ya hau kogon hanci, inda wata ƙofa mai suna TRPA1 take jira. Aikin wannan ƙofa shi ne gargaɗi a kan hayaƙi da iska mai guba, shi ya sa martanin jiki yake zama hawaye da majina da tari da ɗauke numfashi. Da yake kuma tururi ne, ba ya zama. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya watse.

A nan amsar tambayar farko take. Yawan cin barkono yana dakusar da ƙofar TRPV1, har mutum ya kai yana tauna attaruhu bai damu ba. Amma horon da harshe ya sha bai kai ga kogon hanci ba. Gwanin cin yaji da wanda bai iya ba, a gaban wasabi kusan sahu ɗaya suke. Ƙarfin wannan tururi ya kai har wasu masu bincike a Japan, ƙarƙashin Makoto Imai na jami'ar likitanci ta Shiga, suka ƙera na'urar gargaɗin gobara da ke fesa shi a ɗaki don ta tashi kurame daga barci. Aikin ya samo musu kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa bincike mai ban dariya da sa tunani, a 2011.

Danginsa a ƙasarmu

Idan sanyi ya shigo, kayan lambu suka fara fitowa daga fadamu da wuraren noman rani na ƙasar Katsina da Daura, akwai wani ɗan ganye mai laushi da ake ɗaurewa ƙulli-ƙulli a kasuwa: lansir. Uwargida za ta tsince shi, ta wanke da ruwan gishiri, ta yanka ƙanana a faranti. Ta daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, ta yanka tumatir da albasa, ta zuba man gyaɗa, ta cakuɗa da hannu. Wanda ya kai lomar farko ta wannan kwaɗo ya tauna sosai, ya san abin da ke biyowa: wani ɗan yaji mai kaifi da ba na barkonon ba, yana tsikarar hanci ya wuce. To lansir da wasabi 'yan gida ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma dabarar da ke haifar da zafinsu ɗaya ce. Haƙori ya fasa ganyen, sinadarai biyu su haɗu, tururi ya tashi. Bambancin kawai na wasabi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ci kwaɗon lansir ya riga ya ɗanɗani ƙanen wasabi.

Zogalen da ke dangar kusan kowane gida shi ma dangi ne, ko da yake na nesa. Ɗanyen ganyensa yana da ɗan kaifi a baki, saiwarsa kuwa idan aka kankare ta warinta har ido yake shiga, har Turawan da suka zauna a Indiya suka riƙa amfani da ita a madadin wata saiwa mai yaji ta ƙasarsu. Dalilin da ya sa kwaɗon zogale ba ya hawa hanci shi ne ana dafa ganyen tukuna, wuta kuwa tana kashe sinadarin nan mai farfasawa. Sai dai a kiyaye: saiwar zogale da ɓawonta suna ɗauke da wasu sinadarai masu cutarwa, musamman ga mai juna biyu, saboda haka ba abin ci ba ne.

Haka 'ya'yan gwanda, waɗannan baƙaƙen da muke kwashewa mu zubar. Wanda ya taɓa tauna ɗaya ya san yajin da ke cikinsu. Haka gasaya da ke fitowa da damina a bayan gida. Haka hanza, wadda mutanen Damagaram da Maraɗi suka dogara da 'ya'yanta a shekarun yunwa, suna jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Sannan ga asuwakin itacen arak da alhazai ke kawo tsaraba daga Makka. Sabonsa, wanda bai bushe ba, idan ka tauna kansa za ka ji wani yaji ya tsarga maka dasashi ya leƙa hanci. Sinadarin da ke yin wannan ɗan'uwan na wasabi ne, kuma bincike ya nuna yana daga cikin abin da ke kashe ƙwayoyin cutar baki. Albasa da tafarnuwa ba dangin kabeji ba ne, amma ɗanyarsu ita ma wannan ƙofa ta TRPA1 take bugawa. Hawayen mai yanka albasar Aliyaro ko ta Galmi da hawayen mai cin wasabi a Tokyo hanyarsu ɗaya.

Barkono ma baƙo ne

Akwai masu ganin cin irin wannan abinci kwaikwayon baƙi ne kawai, Bahaushe ya tsaya a kan barkonon kakanninsa. Ra'ayin yana da tushe ta fuskar kishin abincin gida, amma tarihi ya nuna tukunyarmu ta daɗe tana karɓar baƙi. Barkono da attaruhu asalinsu nahiyar Amurka ne. Babu su a Afirka ko Asiya ko Turai sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, sannan jiragen 'yan Fotugal suka baza su a gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, fatake suka haura da su arewa. Gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita, da tumatir, da masara, da rogo, duk daga nahiyar Amurkar suka zo. Ke nan yajin tsiren da muke tinƙaho da shi, manyan sassansa biyu baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gari. Citta mai yatsu daga Asiya take, ko da yake yau kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kwoi, na cikin manyan wuraren nomanta a duniya. Kanumfari daga tsibiran Indonesiya ya fito.

Kafin zuwan barkono kakanninmu suna da nasu: masoro, da kimba, da citta mai 'ya'ya, da fasaƙwari mai sa baki ya yi zir-zir ya ɗan mutu. Citta mai 'ya'ya ta yi darajar da ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita tana kaiwa har Turai, daga baya Turawa suka sa wa gaɓar tekun da ke ƙasar Laberiya ta yau sunanta. Waɗannan su ne har gobe ƙashin bayan yajin mai jego da kayan ƙamshin fura da kunu.

Ita kanta Japan ta daɗe da shiga tukunyarmu. Farin magin da ake ƙullawa a leda a kowace kasuwar ƙauye, Ajinomoto, ya samo asali ne daga binciken Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo, wanda a 1908 ya gano sinadarin da ke ba romo garɗi. Sinadarin nan kuwa shi ne dai yake cike a daddawarmu ta kalwa. Japanawa ma suna da tasu daddawar ta waken suya mai suna natto, kuma irin ƙwayar halittar da ke ruɓar da ita ita ce ke ruɓar da tamu. Tazarar da ke tsakanin ɗakin girkin Dutsi da na Shizuwoka ba ta kai yadda taswira take nunawa ba.

Na gaske da na jabu

Yawancin waɗanda suka ce sun ci wasabi ba su ci shi ba. Tsadarsa da saurin gushewar ƙamshinsa sun sa abin da ake bayarwa a mafi yawan gidajen abinci a wajen Japan, har ma da masu araha a cikin Japan ɗin, haɗi ne: wata farar saiwa ta Turai mai suna hosradish, da garin mastad, da sitaci, da koren launi. Wani lokaci akan sa ɗan wasabin gaske kaɗan don a sami damar rubuta sunansa a jikin kwali. Sinadarin zafin ɗaya ne, shi ya sa dabarar take tafiya, amma na haɗin ya fi gautsi da duka, ba shi da zaƙin nan da ƙamshin ganye. Ana gane su da ido: na gaske korensa bai cika haske ba, yana da ɗan tsaki-tsaki, na haɗi kuwa kore ne shar, sumul. Wake da gyaɗa masu koren rufi da ake sayarwa a manyan kantuna, su ma galibi da wannan haɗin ake yin su.

Babu laifi a cin na haɗi muddin an faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Laifin yana wajen sayar da abu da sunan wani. Wannan kuwa cuta ce da muka sani a kasuwanninmu, inda ake kukan garin barkonon da aka ƙara wa dusa da launi, da manjan da aka zuba wa rini don ya yi ja, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Algus haramun ne a addini, cin amana ne a ciniki, ko a Tokyo aka yi shi ko a kasuwar Mai'aduwa.

Ga mai son ɗanɗanawa

Wanda dama ta kai shi, ya fara da ɗan kaɗan, wanda bai wuce girman ƙwayar dawa ba. Kada ya ci shi gaya. A kan abinci ake ɗora shi. Idan zafin ya taso, ya shaƙi iska ta hanci ya fitar ta baki, domin fitar da numfashi ta hanci shi ke kai tururin inda yake ciwo. Ya yi haƙuri na 'yan daƙiƙoƙi, zai wuce da kansa. Kada kuma a mai da shi abin gasa ko abin tsokanar aboki. A 2019 wata mujallar likitoci ta Ingila ta ba da rahoton wata mata mai kimanin shekara 60 a Isra'ila da ta ɗebi wasabi da yawa a wajen biki tana zaton fiya ce, ta ƙare a asibiti da raunin zuciya na wucin gadi. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ishara. Mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai gyambon ciki, da ƙananan yara, gara su bar shi. Yaji ba shi ke haddasa gyambon ciki ba, yawanci wata ƙwayar cuta ce ko yawan shan magungunan kashe ciwo, amma yana iya tayar wa mai shi da hankali.

Ta fuskar addini, shi wasabi tsiro ne, halal ne. Kifi da sauran dabbobin ruwa ma halal ne a mazhabar Malikiyya da muke bi. Inda ake bukatar tambaya shi ne abubuwan da ke rakiyarsa. A girkin Japan ana yawan amfani da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a cikin miya da romo, wani lokaci har a shinkafar sushi, kuma wasu nau'o'in baƙin ruwan waken suya da ake tsoma abinci a ciki suna da barasa. Musulmi ya tambayi mai abincin, ya karanta jikin kwalba, ya nemi tambarin halal. A Malesiya da Indonesiya da ƙasashen Larabawa gidajen abincin Japan masu shaidar halal suna da yawa.

Saura batun ɗanyen kifi, wanda shi ne ya fi tayar wa Bahaushe da zuciya. Ba dole ba ne. Japanawa da kansu suna cin wasabi da gasasshen naman sa, da taliyarsu ta soba, da shinkafa zalla. Wanda ya sa ɗan kaɗan a kan balangu mai kitse zai ji yadda yake yanke maiƙo. Abin da ya wajaba a ja kunne a kansa shi ne kada wani ya ga bidiyo ya ce zai gwada da tarwaɗa ko karfasar dam ɗin Daberam. Kifin ruwan daɗi yana iya ɗaukar tsutsotsi da ƙwayoyin cuta masu kama ɗan Adam. Hukumomin lafiya na Japan sun bayyana ƙarara cewa wasabi da gishiri da ruwan tsami ba sa kashe tsutsar kifi. Abin da suka ce yana kashe ta shi ne dafawa, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Kifinmu a dafa shi, a soya shi, ko a banda shi yadda muka gada.

Abin ɗauka a ciki

Wasabi ba zai yi a Dutsi ba. Ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwanta kuma na rijiya da dam ne, ba wurin tsiron marmaron tsauni ba ce, kuma duk wanda ya zo da tallar irinsa yana alƙawarin riba, a yi hattara da shi. Abin da za mu ɗauka daga Japanawa shi ne yadda suka riƙi abinsu. Ciyawar tsauni ce suka ɗauko, suka yi shekara 400 suna kyautata nomanta, suka tsare ruwan da take sha, suka koya wa 'ya'yansu yadda ake goga ta, har a 2018 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa noman wasabin Shizuwoka cikin gadon noma na duniya. Maƙwabtanmu na Nijar sun kama wannan hanya, sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka, OAPI, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu.

Mu kuwa lansir har yau ganyen 'yan makonni ne a shekara, gasaya ana kallon ta ciyawa, kimba da masoro da fasaƙwari suna zube a buhu a rana da ƙura, matasa da yawa ba su ma iya bambance su ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ya kamata ɗalibansu su duƙufa a kan waɗannan tsirrai: wane iri ne ya fi kyau, yaya za a tsawaita lokacinsu, yaya za a busar da su a niƙa a ƙulla cikin tsabta da sunan garin da ya noma su. Matan da ke daka yaji a gida suna sayarwa su sami horo da jari da rajista, domin 'yan'uwanmu da ke Saudiyya da Sudan da Ingila da Amurka kullum saƙonsu shi ne a aiko musu da yaji da daddawa da kuka.

Mai karatu, idan Allah ya kai ka inda ake ba da wasabi, ka tambayi abin da ke cikinsa, ka yi bisimilla ka ɗanɗana kaɗan, sanin abincin wasu ba ya rage maka komai. Idan kuma sanyi ya shigo, ka sayi lansir a hannun manomin garinku, ka sa a kwaɗa wa yara su san shi, ka kuma nuna musu kimba da masoro da citta mai 'ya'ya da sunayensu. Abin da ba mu daraja shi a gida ba, babu baƙon da zai zo ya daraja mana shi.